Kalmar da Na Ce Ban Taɓa Ji Ba

Wanda ya koya mini Turanci Babarbare ne, mutumin Gafasa. Kakanninsa fataken kanwa ne da suka zo daga gabas, suka ga ƙasar gyaɗa suka zauna, har ya zamana ba abin da ya rage wa gidan na Barbarci sai zanen fuska da gaisuwar safe. Dogo ne, siriri, bai cika dariya ba. Kowa Malam yake ce masa, har hedimastanmu, domin shi ma ta hannunsa ya bi. A keke yake zuwa makarantarmu da ke gefen Ajingi, da ɗan tsumma a ƙarƙashin sirdi wanda yake goge takalminsa da shi kafin ya shiga aji.

Ba mutum ne mai daɗin zama ba. In ka yi kuskure a gabansa sai ya gyara maka, ko kai wane ne, ko a ina ne. Na taɓa ganin ya tsayar da mai jawabi a taron iyayen yara don ya gyara masa kalma ɗaya. Manya suna girmama shi amma ba su son zama kusa da shi. Mu yara kuwa muna son ajinsa, saboda shi kaɗai ne ba ya dukan wanda ya yi tambaya.

Ranar da na fara jin kalmar muna aji shida. Ruwa aka wayi gari da shi, rabin ajin bai zo ba. Ya ba mu jimloli mu mayar da su shuɗaɗɗen lokaci, ni kuma na rubuta goed, tunda na ga play ta zama played. Da ya zo kan littafina sai ya tsaya. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ya ce kuskure ne, amma kuskuren mai tunani ne, sannan ya ce kowa ya ajiye fensir ya kalli allo.

Ya rubuta send, ya rubuta sent a gabanta. Ya rubuta bend da bent, spend da spent. Daga nan ya sauka ƙasa ya rubuta went ita kaɗai a dama, ya ja layi a hagu inda babu komai, ya tambaye mu abin da ya dace a sa a wurin. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a bokitin da aka tara a bayan aji. Ni ban san wata kalma ba, tsarin kawai na bi, na ce wend.

Ya daɗe yana kallona kafin ya ce ita ce. Ya ce tsohuwar kalma ce ta tafiya, ta girmi kakannin Turawan da suka zo ƙasar nan nesa ba kusa ba. Asalin ma'anarta juyawa, kamar yadda mutum yake karkatar da kan jakinsa in ya zo mararraba. Daga juyawa ta koma nufar wani wuri, daga nan ta zama tafiya kanta. Ya ce dangi ɗaya suke da wander, wato yawo, da wind ta naɗe zare ko ta hanyar da take lanƙwasa. Ita go tana da nata shuɗaɗɗen lokacin a da, ya ɓace daga bakin mutane, sai suka ɗauko went daga wurin wend suka haɗa mata, har aka manta ba tata ba ce. Yanzu wend sai a littafi, in ana maganar wanda ya kama hanyar gida a hankali, ba gaggawa.

Da ya ga mun yi tsuru-tsuru sai ya ce kada mu yi wa Turawa dariya, mu ma haka muke. Muna cewa na je kasuwa, amma ba wanda yake cewa ina jewa kasuwa, sai mu aro zuwa daga wurin zo. Duk muka riƙa gwadawa a baki, ina jewa, ina jewa, muna dariya. Ranar ce na fara sanin cewa harshe ma yana da tarihi, kuma ranar ce na yanke a raina malamin Turanci zan zama.

Bayan sati biyu ya ce in je gidansa ranar Asabar da hantsi. Ya fito da wani ƙaton ƙamus da aka ba shi kyauta a kwalejin horon malamai saboda ya zo na ɗaya, ya buɗe, ya ɗora yatsana a kan kalmar. Na gan ta da idona. Wannan ƙamus shi ne ɗaki ya faɗa wa a wata damina mai ƙarfi bayan 'yan shekaru, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa.

Na yi sakandare, na yi horon malanta, aka turo ni makarantar da na fito. Malam ne ya yi ta zirga-zirga har aka turo ni can, don in zauna kusa da mahaifiyata. Aka ba ni aji shida, shi kuma yana shigowa ya ɗauke su Turanci. In ya shigo nakan koma bayan aji in zauna kamar da. A shekarata ta uku na nemi izinin ƙaro karatu a Kano. Sau biyu ina nema takardar tana dawowa, ana cewa sai mai duba makarantu ya zo ya ga aikina ya sa hannu.

Ya zo da kaka, lokacin cirar gyaɗa, yara da yawa suna gona. Sabon sufeto ne, saurayi, bai fi ni da shekara biyar ba, ya zo a kan babur da jakar fata a rataye. Tun da safe da ya buɗe jakar a ofishin hedimasta na hango fayil ɗina a ciki. Ya zaga azuzuwa, ya duba rajista, sannan ya ce zai zauna a darasin Turanci na aji shida. Aka kawo masa kujera a baya, hedimasta ya tsaya a bakin ƙofa, ni ina gefen taga.

Darasin yana tafiya daidai sai wata yarinya, 'yar wani maƙeri, ta ɗaga hannu. Yarinya ce mai yawan tambaya, ita ce ta ɗaya a ajin. Ta ce me ya sa ba a cewa goed. Na ga fuskar Malam ta saki. Ya juya ga allo ya fara jero kalmomin nan kamar yadda ya jero mana, ya ja layi a hagu, ya jira. Wannan karon ba wanda ya cike, saboda yaran a tsorace suke da baƙon. Sai ya rubuta da kansa.

Sufeton ya miƙe ya ce a dakata. Ya fara da Turanci, sannan ya juya Hausa don yara su ji. Ya ce babu wannan kalma, ko dai wind Malam yake nufi ko went, kuma irin wannan ƙirƙire-ƙirƙiren ne yake sa yaran ƙauye faɗuwa jarrabawar shiga sakandare. Malam ya ce akwai ta. Sufeton ya zaro wani ɗan ƙamus mai jan bango daga jakarsa, irin wanda ake sawa a aljihu, ya duba, ya miƙa wa hedimasta shi ma ya duba. Ba ta ciki.

Da Malam ya yi shiru a nan, wataƙila da maganar ta mutu. Amma ba halinsa ba ne. Ya ce, "Ƙamus ɗinka ne ƙarami, ranka ya daɗe, ba Turancin ba."

Wani yaro ya fashe da dariya, sauran suka bi shi. Na ga jijiyar wuyan sufeton ta tashi. Ya ce to Malam ya kawo babban ƙamus ɗin a gani. Malam ya ce nasa ya lalace, amma yana da shaida. Ya nuna ni da allin da ke hannunsa.

"Ga wanda na koya wa ita a cikin ajin nan. Shi ya fara faɗarta da bakinsa. Tambaye shi."

Sufeton ya juyo gare ni. Jakar tana kan kujerar da ya tashi, a buɗe. Ya tambaye ni ko na taɓa jin kalmar. Na ce abin ya daɗe, ba zan iya tunawa ba. Ya ce ba wannan ya tambaye ni ba, na ji ko ban ji ba.

Na ce, "Ban taɓa ji ba, ranka ya daɗe."

Na sha gaya wa kaina daga baya cewa tsoro ne ya kama ni, bakina ya riga ni. Ƙarya ne. Na yi tunani kafin na yi magana. Na tuna takardata, na tuna shekara biyu da na yi ina jira, na auna, na zaɓa.

Malam bai kalle ni ba. Ya ɗauki dasta ya goge allon da kansa, ya ce yara su buɗe littafi, ya ci gaba da darasi har aka kaɗa ƙararrawa.

Hedimasta ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan kam zan shaide shi. Ya bi sufeton har gindin babur yana ba shi haƙuri. Sufeton ya ce sharaɗi ɗaya ne, Malam ya rubuta takarda ya amsa cewa ya koyar da abin da babu shi, ya nemi afuwa. Kwana uku hedimasta yana lallashin Malam. Ya haɗa shi da limami, ya haɗa shi da yayansa. Malam ya ce zai nemi afuwar dariyar da ya sa yara suka yi wa baƙo, wannan laifinsa ne, amma ba zai sa hannu a kan cewa kalmar babu ita ba. Sufeton ya ce ko duka ko babu.

Bayan wata ɗaya masinja ya kawo takardu biyu a rana ɗaya. Ɗaya tawa ce, an ba ni izinin karatu. Ɗaya ta Malam ce, an mayar da shi wata 'yar makaranta can bayan Toranke, an kuma ce kada a sake ba shi Turanci, ya riƙe 'yan aji ɗaya. A ofis ɗaya muka karɓa. Ya ninke tasa ya sa a aljihu, ya ce mini Allah ya ba da sa'a. Na ce amin, idona a ƙasa.

Kafin ma ya bar makarantar yara sun sa masa suna. Wend ta yi musu kama da wando, sai suka koma ce masa Malam Wando. Da farko a ɓoye, daga baya in ya wuce a keke sai su faɗa su ruga. Sunan ya bi shi har sabuwar makarantar, ya shiga kasuwa, har manya suka ɗauka. Na ji mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba yana ba da labari a teburin mai shayi cewa ai malamin nan Turancin ƙarya ya yi shekara ashirin yana koya wa 'ya'yan mutane, sai da Allah ya kawo mai ilimi ya tona shi. Ina zaune a wurin, kofi a hannuna. Na shanye shayina na tashi.

Hanyar sabuwar makarantar yashi ce, da damina kuma akwai inda sai an ɗauki keke a ka. Ya yi shekara biyu da wani abu yana bin ta, gwiwoyinsa suka gaza, ya ajiye aiki tun lokacinsa bai yi ba, ya koma gonar gidansu.

A Kano, a shekarata ta biyu, wani malami da yake koya mana tarihin harshen Turanci ya zo kan maganar. Ya rubuta go, ya rubuta went, ya ce wa ya san dalili. Na ɗaga hannu na faɗa duka, har da je da zuwa. Ya yi mamaki, ya tambaye ni inda na samo, na ce karance-karance. Da aka tashi na wuce laburare na ɗauko babban ƙamus, na kwafe bayanin kalmar gaba ɗaya a takarda, na ninke na sa a walat. Na ce da hutu zan kai wa Malam, in kai wa hedimasta, in ma ta kama in nemi sufeton.

Hutu ya zo ya wuce. Na ce sai na gama karatu, lokacin maganata za ta fi nauyi. Na gama, aka ba ni sakandare a Gaya, na yi aure, na ce sai na zauna da gindina. Takardar ta tsufa a walat, ta yage ta wajen ninkin, wata rana na neme ta na rasa.

Sau ɗaya na ga Malam a shekarun nan. Ranar kasuwar Ajingi ce, ina cikin motar haya ana jiran ta cika. Ya zo wucewa yana tura kekensa da buhun gyaɗa a baya, yana ɗingishi. Ya yi furfura sosai. Ya tsaya dab da tagar da nake yana gyara igiyar buhun. Da na miƙa hannu da na taɓa kafaɗarsa. Na ɗauko jarida na rufe fuskata har ya wuce.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ban daina koyar da darasin ba. Duk shekara in na karɓi sababbin ɗalibai sai na jero musu kalmomin nan a allo, in ja layi a hagu, in jira. Kullum sai an samu wanda ya cike. Ɗalibai suna son darasin, har waɗanda suka gama sukan tare ni a hanya su tuna mini. An taɓa yabona a taron malamai saboda shi. Fiye da shekara ashirin ina yi, ban taɓa faɗin wanda na koya a wurinsa ba, domin in na faɗa sai an tambaye ni ina yake.

Abin da ya tashe ni daga ƙarshe wani ɗaurin aure ne a Gaya. Bayan an shafa fatiha ana gaisawa sai na ga tsohon sufeton. Ya yi ƙiba, ya yi ritaya da babban muƙami, mutane suna ta durƙusa masa. Na je na gaishe shi, na gaya masa makarantar da ya taɓa samuna. Ya ce ai makarantun da yawa. Na tuna masa malamin Turanci, da kalmar, da ɗan ƙamus mai jan bango. Ya yi tunani da gaske, sannan ya girgiza kai ya ce wallahi bai tuna ba. Na ciro waya na nuna masa kalmar. Ya gyara tabarau ya karanta, ya ce ikon Allah, ashe akwai ta, kullum mutum cikin koyo yake. Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata, wani ya ja shi zuwa wajen cin abinci.

Na tsaya a wurin har taron ya watse. Shekaru ina ɗora rabin laifin a kansa, ina jin sauƙi da hakan. Shi bai sani ba a lokacin, kuma bai ma riƙe abin ba. Ni ne na sani.

Asabar ɗin da ta biyo na hau mota zuwa Ajingi, na ɗauki acaɓa zuwa Gafasa. Na isa da hantsi. Na same shi a ƙofar gida a inuwar darbejiya, a kan tabarma, yana ɓare gyaɗar iri a cikin ƙwarya. Idanunsa sun yi fari, yana ta rufe su. Na yi sallama, na tsuguna na gaishe shi. Ban kai ga faɗin ko ni wane ne ba ya ambaci sunan mahaifina, ya tambayi mahaifiyata. Na ce ta rasu shekara shida ke nan. Ya ce bai ji ba, ya yi mata addu'a.

'Yarsa, wadda take kula da shi tun rasuwar matarsa, ta aiko da ruwa da fura. Muka yi maganar damina, da tsadar taki, da waɗanda suka mutu. Hannunsa bai daina ɓarar gyaɗa ba. Da maganar ta ƙare na ce na zo da wani abu zan karanta masa. Na ciro waya na karanta bayanin kalmar tun daga farko, asalinta, da ma'anarta ta juyawa, da yadda go ta karɓe went. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "To, na ji. Ai ni na gaya maka."

Na ce na sani, Malam, kuma ranar ma na sani. Na ce ƙarya na yi saboda takardata, na zo ya yafe mini.

Ya zuba ɓawon da ke hannunsa a gefe. Ya ce ya san dalilina tun a ranar, ya ga inda idona yake. Ya ce shi ma da laifinsa, bai kamata ya sa ni a tsakiya ba alhali ya san abin da nake nema a hannun mutumin. Ya ce shekarar farko ya ji zafi, ba don canjin makaranta ba, sai don duk ranar kasuwa yana sa ran zai gan ni. Daga baya ya daina sa rai, ya huta.

"Yafiya kam na yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Amma ni ka zo karanta wa? Ni ban taɓa shakka ba. Yaran da suke ajin nan su ne suka tashi da cewa malaminsu maƙaryaci ne. Su za ka nema."

Ya tambaye ni ƙarfe nawa, ya ce in taimaka masa ya tashi zai yi alwala. Na kama hannunsa, ba nauyi ko kaɗan. A bakin zaure ya zare hannun ya ce daga nan ya san hanya.

Na nemi yaran. Ba yara ba ne yanzu, wasu har da jikoki. Rajistar shekarar ta ɓace, sai da na bi ta kan waɗanda na tuna. Ɗaya direba ne a hanyar Kano, na same shi a tasha. Na yi masa bayani yana jin kiran fasinja da kunne ɗaya, ya ce Allah sarki Malam Wando, ashe yana raye. Biyu sun rasu. Wani yana kudu, na kira shi a waya, ya zaci taimako nake nema, ya ce zai kira ni, bai kira ba. Wani manomi a Toranke ya saurare ni da ladabi har ƙarshe, sannan ya ce shi fa ko go ɗin ya manta.

'Yar maƙerin na samu daga ƙarshe. Tana aure a cikin Ajingi, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mata huɗu suna yi mata aiki. Mijinta ya yi mini iso, muka gaisa a zaure, hannunta duk mai. Ita ta tuna komai, har rigar da sufeton ya sa. Ta ce ta daɗe tana ganin ita ta jawo wa Malam, da ba ta yi tambayar ba da ba a kore shi ba. Ta ce daga ranar ba ta sake ɗaga hannu a aji ba har ta gama sakandare. Da na gaya mata cewa kalmar gaskiya ce, kuma na sani tun a lokacin, sai ta goge hannu da gefen zani.

Ta ce, "Malam, kai fa muka kalla ranar. Da ka ce ba ka taɓa ji ba, shi ke nan muka yarda."

Ta sa aka ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda. Na so in ƙi karɓa, na ga ƙin ma wani rashin kunyar ne.

Na yi niyyar komawa Gafasa in gaya masa waɗanda na samu da abin da suka ce. Jarrabawar ƙarshen zango ta riƙe ni, sannan makin takardu. Ana cikin shuka aka kira ni aka ce ya rasu da safe, za a yi jana'iza bayan azahar. Kafin in sami mota in isa an riga an kai shi.

Na zauna zaman makoki a ƙofar gidan. Mutane sun taru fiye da yadda na zata. Ana ta yabonsa, ana cewa irinsu sun ƙare, malaman da ba su san wasa da aiki ba. Na gane fuskoki biyu ko uku cikin masu yabon da na taɓa jin sunan tsokanar nan a bakinsu. Wani dattijo ya nuna ni ya gaya wa na kusa da shi cewa wannan ɗalibinsa ne na hannun dama, shi ya gaje shi a Turanci. Aka juyo ana yi mini ta'aziyya ta musamman. Na karɓa, don ban san yadda zan ƙi ba.

Da la'asar, zan tafi, 'yarsa ta sa aka kira ni bakin zaure. Ta tsaya daga ciki. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Ta ce Baba ya gaya mata abin da ya kawo ni wancan zuwan, ita da ma ta san labarin tun tana yarinya, domin ita ma an kira ta 'yar Malam Wando a makaranta har ta yi dambe a kai. Na tambaye ta ko ya sake maganata bayan tafiyata.

Ta ce sau ɗaya. Ya ce karatuna ya lalace, ina cinye ƙarshen kalmomi, in na dawo zai gyara mini.

Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin, ta ce in yi sauri kada motocin Gaya su ƙare, hadari yana haɗowa.